Ranar da Khartum Ta Kama da Wuta: Wane Baƙo Ya Fita, Wane Ya Maƙale?

Da hantsin ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, mazauna kudancin Khartum, babban birnin Sudan, suka fara jin ɓarin wuta daga wajen filin wasannin da ake kira Madina Riyadiyya, inda dakarun RSF, rundunar ɗaukin gaggawa da ke takun saƙa da sojan ƙasar, suka yi sansani. Kafin azahar faɗa ya kai fadar shugaban ƙasa da hedikwatar soja da filin jirgin sama. Jiragen fasinja suka ƙone a inda aka ajiye su, har wani jirgin Saudiyya da ya riga ya ɗauki fasinja yana shirin tashi sai da harsashi ya same shi. Shi kuwa filin jirgin Khartum a tsakiyar gari yake, gidaje sun kewaye shi ta ko'ina. Kusan duk baƙon da ke birnin, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa ko ma'aikacin agaji, shirinsa na ko-ta-kwana bai wuce guda ba: in ta ɓaci, in yanki tikiti in tashi. To wannan ƙofa ita aka fara rufewa, tun a sa'o'in farko, kuma ta haura shekara biyu a rufe.

Tambayar da aka yi ta yi a Kano da Dutse da Maiduguri a wannan makon, lokacin da bidiyon ɗalibanmu ya cika WhatsApp da Facebook, ita ce me ya zaunar da su har wuta ta iso. Ba su ga alama ba ne? Sun gani mana. Abin da ya cuce su shi ne sun gani da yawa, har ido ya saba.

A duba abin da mazaunin Khartum ya sha cikin shekara huɗu kafin yaƙin. A Disambar 2018 zanga-zanga ta tashi daga Atbara saboda burodin fam ɗaya ya koma fam uku. Ranar 11 ga Afrilun 2019 soja suka tuɓe Umar al-Bashir bayan shekara talatin a kan mulki. Ranar 3 ga Yuni aka far wa masu zaman dirshan a ƙofar hedikwatar soja, aka kashe sama da mutum ɗari a ƙidayar likitoci, aka kuma datse intanet fiye da wata guda. Ranar 25 ga Oktoban 2021 Janar Abdul Fattah al-Burhan tare da mataimakinsa Muhammad Hamdan Dagalo, wato Hemedti shugaban RSF, mutumin da zai koma abokin gabarsa, suka kifar da gwamnatin Abdalla Hamdok. Daga nan zanga-zanga ta zama kamar ranar kasuwa. Kwamitocin unguwanni su fitar da jadawali, hukuma ta toshe gadojin da suka haɗa Khartum da Omdurman da Bahri da kwantenoni, a sha barkonon tsohuwa da yamma, washegari kowa ya tafi aiki. Baƙo mai hankali ya koyi abin yi: ka sayi burodi da wake tun jiya, ka cika jarkar ruwa, kada ka haye gada, ka zauna a ɗaki. Kuma kullum dabarar tana aiki. Hausawa suka ce sabo turken wawa, amma a nan turken har masu wayo ya ɗaure. Ko da rundunar soja ta fito ranar 13 ga Afrilu ta yi gargaɗi a kan jibge dakarun RSF a garin Merowe na arewacin ƙasar da cikin Khartum, manyan ofisoshin jakadanci masu jami'an leƙen asiri ba su kwashe ko iyalansu ba. In waɗannan sun yi kuskuren lissafi, ban ga dalilin ɗora wa ɗan shekara ashirin mai karatun harhaɗa magunguna laifi ba.

Bambancin da ba a lura da shi ba shi ne, rikicin baya duk tsakanin mai bindiga ne da marar bindiga, saboda haka yana da wuri, yana da lokaci. Na 2023 kuwa rundunoni biyu ne, kowace da sansanoninta a tsakiyar unguwannin jama'a, suna jayayya a kan shekara nawa za a ɗauka kafin RSF ta narke cikin soja: soja suka ce biyu, RSF ta ce goma. Irin wannan ba ya da ranar hutu.

Sai maganar haya, wadda ba a cika kawo ta ba in ana labarin yaƙi, alhali tana cikin manyan abubuwan da ke riƙe ƙafar baƙo. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar kuɗinta a dare ɗaya, dalar da ake sayarwa fam 55 a hukumance ta koma 375. A tsakiyar wannan shekarar hauhawar farashi ta zarce kashi 400 cikin ɗari. Ka sa kanka a matsayin mai gida a irin wannan kasuwa. In ka karɓi haya wata-wata da fam, kuɗin Disamba ba zai sayi rabin abin da na Janairu ya saya ba. Saboda haka masu gidaje suka koma neman ɗayan biyu: ko dala, ko kuɗin watanni da yawa a dunƙule. Kuma ɗan hayar da kowa ke so shi ne baƙo, domin shi ake jin kuɗinsa daga waje yake zuwa, shi ne kuma ba ya da dangin da za su zo roƙon alfarma in an ce ya tashi. Dillalai sun san wannan sarai.

Yanzu ka ɗauki ɗaliban da suka yi karo-karo su huɗu ko biyar suka kama gida, suka biya wata shida ko shekara, ga la'adar dillali, ga kuɗin makaranta da aka biya da dala, ga kuɗin sabunta iƙama. Iyayensu a gida sun sha wuya kafin su haɗa kuɗin, a watannin nan da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo a Najeriya. Wanda yake ajin ƙarshe a likitanci, saura masa 'yan watanni, ka ce masa ya tattara ya tafi saboda an ga motocin soja a Merowe? Duk abin da ya mallaka ya riga ya zuba shi a cikin zaman. Tafiya asara ce tabbatacciya, zama kuwa haɗari ne da ba a tabbatar ba, kuma ɗan Adam ya fi tsoron asarar da yake gani da idonsa. Haka ɗan Siriya mai gidan abinci a unguwar Riyad, haka Bahabashiya mai shayi a bakin titi. Gwargwadon abin da ka kafa, gwargwadon jinkirinka.

Wani abin mamaki kuma, taswirar tsadar haya ta kife a rana ɗaya. Unguwannin da baƙi masu hali ke rububi, irin su Amarat da Khartum 2 da Riyad da Manshiyya, tsadarsu ta samo asali ne daga kusancinsu da filin jirgi da ofisoshin jakadanci da ma'aikatu. Wato dai daidai wuraren da rundunonin biyu ke son kamawa. Wanda ya biya dala don ya kwana kusa da hukuma sai ya wayi gari a fagen daga. Ranar 17 ga Afrilu aka kutsa gidan jakadan Tarayyar Turai aka ci zarafinsa, a ranar kuma aka buɗe wa ayarin motocin jakadancin Amurka wuta. Ɗalibanmu ma ba su tsira ba duk da ba a unguwar masu kuɗi suke ba, domin Jami'ar Afirka, inda da yawansu ke karatu, ba ta da nisa da inda aka fara harbin.

Daga nan gida ya daina zama mafaka, ya zama ganima. Mayaƙan RSF suka bi unguwa-unguwa suna shiga gidaje, su tare a wasu, su yashe wasu, su ja motocin da suka tarar. Abin ya yi yawan da sai da aka sa maganar kare fararen hula da janyewa daga wuraren jama'a a yarjejeniyar Jidda ta 11 ga Mayu, wadda ta tsaya a takarda. Ɗan haya ya yi asarar kayansa da sauran watannin da ya biya, kuma ba wanda zai tambaya, tunda mai gidan shi ma yana kan hanyar Masar. Gidan da babu kowa shi ake fara shiga, don haka iyalai da yawa suka bar wani ya tsare musu. Wannan wani kuwa sau da yawa maigadi ne ko mai aikin gida, su ma kuma akasari baƙi ne, daga Habasha ko Sudan ta Kudu. Baƙo mai kuɗi ya tafi, ya bar baƙo marar kuɗi da makulli.

Kuɗin ma da aka ce, sai wanda yake aljihu. Bankuna sun rufe, an fasa rassa da yawa. Manhajar Bankak ta Bankin Khartum, wadda rayuwar birnin ta dogara da ita, ta riƙa ɗaukewa tare da lantarki da intanet, in kuma ta dawo, mai ba ka tsaba sai ya yanki kasonsa. Tura kuɗi Sudan daga waje dama can ba sauƙi, domin ƙasar ta yi shekara ashirin, daga 1997 zuwa 2017, ƙarƙashin takunkumin Amurka, bankunan duniya kuma ba su saki jiki da ita ba ko bayan an ɗage. Iyaye sun saba bi ta hannun 'yan canji. Da yaƙi ya zo, uba yana Kantin Kwari da kuɗi a hannu, ɗa yana Khartum da yunwa, wanda zai haɗa su ya rufe shago ya gudu. A tashar Kandahar da ke Omdurman kuwa, kujerar safa zuwa Masar da ake biya da 'yan gomomin daloli ta koma ɗaruruwa, kuma kullum gari ya waye sai ta ƙaru. Wanda ya fita ranar uku da wanda ya fita ranar goma ba farashi ɗaya suka biya ba.

A nan ne kalmar "baƙi" ta tarwatse, aka ga ashe hawa-hawa ce. A saman bene akwai jami'an diflomasiyya. Daren 22 ga Afrilu wayewar 23, jiragen Amurka masu saukar ungulu suka taso daga Jibuti, suka sauka a ofishin jakadancinta, suka ɗebi ƙasa da mutum ɗari, suka tashi. Amurkawan da aka ƙiyasta suna ƙasar sun kai 16,000, yawancinsu masu fasfo biyu, aka ce musu su zauna inda suke tukuna. Birtaniya ma jami'anta ta fara cirewa, sai da surutu ya yi yawa ta koma ta kwashe sama da mutum 2,000 daga sansanin Wadi Sayyidna a arewacin Omdurman. Ko a can ma an fara mai da wasu likitoci 'yan Sudan da ke aiki a asibitocin Birtaniya, suna da izinin zama amma ba su da fasfon Birtaniya, kafin daga baya a sassauta. Saudiyya ta yi ta jigilar dubban mutane ta ruwa daga Port Sudan zuwa Jidda. Indiya ta fitar da kusan 4,000. Ayarin Majalisar Ɗinkin Duniya ya shafe kimanin sa'a 35 kafin ya ci tafiyar kilomita ɗari takwas da wani abu zuwa bakin teku, saboda shingayen bincike.

Namu hawan shi ne na ƙasashen da ke da niyya amma ba su da jiragen yaƙi a maƙwabta. Gwamnatin Buhari, wadda saura mata wata guda ta sauka, ta ce ta ware dala miliyan 1.2 don hayar manyan motoci 40, wato dala 30,000 kowace mota. Mutane suka yi caa a kan farashin, kuma tambayar tana bisa hanya, sai dai a tuna kowace ƙasa da kowane mai hali a birnin motocin nan yake nema, ga man fetur sai a kasuwar bayan fage, ga direba yana sa ransa a kasada. Kakar masu motoci ce ta yanke saƙa. Rukunin farko ya bar Khartum ranar 26 ga Afrilu, cikin tsagaita wutar kwana uku da aka fara a jajibirin ranar. A tsakiyar hamada wasu direbobi suka taka burki suka ce ba a cika musu kuɗi ba, bidiyon ɗalibai mata suna kuka ya zagaya ƙasa. Hukumomi suka ce masu motocin sun dage sai tsaba a hannu, tsabar kuma ba ta da hanyar shiga.

Da aka isa Arƙin, iyakar Sudan da Masar, sai wani sabon zama. Masar ta ƙi buɗewa sai an cika mata sharuɗɗa: jerin sunaye da lambobin fasfo, jirage su riga su sauka, kujerunsu su yi daidai da yawan mutanen, a kuma ɗauke su daga iyaka kai tsaye zuwa filin jirgi. Abin da take gudu a bayyane yake, kada wanda ya shigo wucewa ya zama mazauni. Aka kwana da kwanaki a fili, cikin zafin bazarar hamada, ruwa da banɗaki duk na kuɗi, har sai da maganar ta kai tsakanin Buhari da shugaban Masar Sisi. Daren 3 ga Mayu jirgin Air Peace da na sojan sama suka sauka Abuja daga Aswan da mutum 376. Wasu kuma aka karkatar da su Port Sudan, inda jiragen Tarco suka yi ta sawu. Kafin tsakiyar Mayu an dawo da sama da mutum 2,500.

A ganina, aikin ya yi jinkiri kuma an sha wuyar da ba dole ba, amma an yi shi, ba a kuma rasa ran ɗalibi a hanya ba a iya abin da hukumomi suka bayyana. Inda gizo ke saƙa shi ne lissafi. Da farko an ce kimanin 5,500 za a kwaso. Bambancin da ke tsakanin wannan adadi da wanda ya sauka Abuja yana nuna cewa babu wanda ke da cikakkiyar rajista. Ɗaliban da jihohi irin su Jigawa da Borno da Kano suka tura suna da suna a takarda, suna da gwamnan da zai kira. Wanda ubansa ya tura da kansa, da matar da ta yi shekara goma sha biyar tana sayar da abinci da nufin wata rana ta ƙetara Makka, fasfonta ya mutu tun tuni, 'ya'yanta ba su da ko takardar haihuwa, waɗannan sai sun fara tabbatar da cewa su 'yan Najeriya ne kafin a yi maganar kujera. Waɗanda suka dawo kuma wata matsalar ta tare su: hukumar JAMB ta buɗe hanyar shigar da su jami'o'in gida, amma sakamakon shekarun da suka yi yana cikin ofisoshin da aka kulle ko aka yashe.

A can ƙasan bene kuma akwai baƙin da babu jirgin da zai zo dominsu. Kafin yaƙin Sudan na ɗauke da 'yan gudun hijira sama da miliyan guda, kimanin 800,000 daga Sudan ta Kudu, sauran daga Eritiriya da Habasha da Siriya da Yaman. 'Yan Siriya sun taru ne saboda har ƙarshen 2020 Sudan na cikin 'yan ƙasashen da ke karɓarsu ba biza. Ɗan Eritiriya da ya gudo daga aikin sojan dole marar wa'adi, ina zai koma? Gaba kura, baya siyaki. 'Yan Sudan ta Kudu suka kwarara ta iyakar Joda zuwa garin Renk, suna komawa ƙasar da wasunsu ba su taɓa zama a cikinta ba. Su kansu 'yan ƙasa wasu sun tsinci kansu a wannan hawa ta wata hanya mai ciwo: waɗanda suka kai fasfo neman biza kafin yaƙi. Ofishin jakadancin Amurka ya lalata fasfunan da ke hannunsa kafin ya tashi, ya ce ƙa'idarsa ke nan don kada su faɗa hannun da bai dace ba. Na Faransa ma haka. Mutumin da ya fi kowa shirin tafiya shi ya wayi gari ba takarda.

Haya kuwa ba ta mutu ba, ƙaura ta yi, ta bi masu gudu. Wad Madani, mai nisan tafiyar sa'a uku daga Khartum, da sauran jihar Jazira sun karɓi kusan mutum rabin miliyan. Atbara da Kassala da Gadarif da Port Sudan duk suka cika. Ɗakin da ba wanda ke kallo jiya ya ninka biyu, ya ninka uku, mai gida ya ce sai kuɗin wata uku a gaba. A Port Sudan abin ya fi tsanani, domin can gwamnati ta koma, can ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji suka tare, su kuma da dala suke biya ba sa ciniki. Ga wani abu mai ɗaure kai: waɗanda suka zo taimakon 'yan gudun hijira, kasancewarsu a garin na cikin abin da ya fitar da haya daga hannun 'yan gudun hijirar. Wanda ya kasa sai ya tare a aji, makarantu suka zama masauki. Ba zan ce duk masu gidaje azzalumai ba ne. Da yawa albashinsu ya tsaya, gidan shi ne kaɗai abincinsu, kuma dubban iyalai sun sauki mutane kyauta har tsakar gida ta cika. Amma wanda ya biya wata shida a Madani a watan Oktoba ya sake yin asarar da ya yi a Khartum, domin a tsakiyar Disambar 2023 RSF ta shiga garin. An gudu ba a tsira ba. Port Sudan da ake ganin ta fi ƙarfin yaƙin, ita ma jirage marasa matuƙa sun same ta a Mayun 2025.

A Alƙahira labarin ya juye, ɗan Sudan da jiya yake karɓar haya daga baƙo yau shi ne baƙon. Da farko mata da yara da dattawa suna shiga Masar ba biza, albarkacin yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 2004. Ranar 10 ga Yunin 2023 aka ce kowa sai da biza. Daga baya gwamnati ta ce duk baƙon da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba ya biya dala 1,000 ya gyara takardunsa. A unguwanni irin su Faisal da Haram haya ta yi tashin gwauron zabi, wasu masu gidaje suka riƙa tayar da Misirawa don su sa 'yan Sudan. Bamisiren da aka tayar ba mai gidan yake zagi ba, baƙon yake zagi, duk da cewa fam ɗin Masar da kansa ya faɗi warwas a Maris ɗin 2024, daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala, abin da ba ɗan Sudan ya jawo ba.

Da yaƙi ya yi tsawo, haɗarin da ke kan baƙo ya canza kama. A makonnin farko harsashin da ya ɓace hanya ake tsoro. Daga baya sai zargi. Soja sun yi ta cewa RSF na yaƙi da sojojin haya daga Chadi da Nijar da Mali da Sudan ta Kudu, kuma akwai ƙamshin gaskiya a batun mayaƙan waje, har daga Kolombiya an gani. Amma a shingen bincike ba a tantance sojan haya da lebura, fuska da harshe ake dubawa. A wasu jihohin da ke hannun soja aka riƙa kama mutane da abin da jama'a ke kira dokar baƙin fuska. A Yulin 2024 hukumomin jihar Khartum suka ba duk wani baƙo kwana 15 ya fice. A Janairun 2025, bayan soja sun ƙwato Madani, hotunan kashe-kashen da aka ce har da 'yan Sudan ta Kudu a ciki suka isa Juba, matasa suka far wa shagunan 'yan Sudan, aka kashe mutum 16 a faɗin ƙasar, sai da aka sa dokar hana fita. Ɗan tireda a Juba ya biya bashin abin da aka yi a wani gari mai nisan sama da kilomita dubu. Waɗanda suka yi zaman Libiya a 2011 sun san wannan, lokacin da baƙar fata kaɗai ta isa a kira mutum sojan Gaddafi.

Wannan ya kawo mu kan mutanen da lissafin "baƙo" da "ɗan ƙasa" bai taɓa zama daidai a kansu ba, wato Hausawan Sudan. Hanyar hajji ta ƙasa ce ta kai kakanninsu, wasu kuma hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har bakin kogin Nilu, garin da suka kafa kusa da Sinnar yana amsa sunansa har yau. Guminsu na cikin audugar Jazira tun da aka buɗe gonakin a 1925. Sun haura ƙarni a ƙasar, ana ƙiyasta su da miliyoyi, amma kalmar Takari ko Fallata ba ta daina bin su da ma'anar "ba 'yan nan ba". A Yulin 2022, wata tara kafin babban yaƙin, rikici ya ɓarke a jihar Blue Nile bayan Hausawa sun nemi a ba su masarautarsu a tsarin sarautun gargajiya, abokan zamansu suka ce baƙo ba ya da ƙasa. Aka kashe sama da mutum ɗari, a Oktoba kuma wajen ɗari biyu a yankin Wad al-Mahi. Da aka zo kwashe baƙi a 2023, su ba su cikin lissafin Abuja ko Yamai, kuma daidai ne, tunda 'yan Sudan ne, ba su da wani gida da ya wuce nan. Amma a shingen da ake neman baƙuwar fuska, sai a tambaye su lambar ɗan ƙasa da irin kallon da ba a yi wa wasu.

Soja sun ƙwato fadar shugaban ƙasa ranar 21 ga Maris ɗin 2025, filin jirgi kuma bayan kwana biyar. A Yulin shekarar Masar ta fara ba da jirgin ƙasa kyauta daga Alƙahira zuwa Aswan ga 'yan Sudan masu son komawa, kuma taragun sun riƙa cika. Da yawa ba don sun gamsu da tsaro suka hau ba, hayar Faisal ce ta kore su. Abin da suka riƙa tararwa gidaje ne da aka cire wa ƙofofi da tagogi, aka farfasa bango aka zare wayoyin lantarki saboda jan ƙarfen da ke ciki. Hukumomin Khartum kuma suka riƙa tattara 'yan gudun hijira suna kai su sansanoni a wasu jihohi, suna tasa ƙeyar marasa takardu zuwa iyaka, cikinsu har da irin masu gadin nan da aka bar wa makulli.